Kuɗin gudummawar ɗan'uwanmu sun taru, yanzu yaya za mu yi da su?

Shugaba: Assalamu alaikum jama'a. Allah ya saka wa kowa da alheri. Zuwa daren jiya abin da ya taru naira 612,000 ne, cikin kwana tara. Ga wanda bai bi zancen tun farko ba, ɗan'uwanmu sikila gare shi, kuma ta taɓa masa ƙashin ƙugu na dama. Wata takwas ke nan bai taka ƙafar da kyau ba, shagon ɗinkinsa ma a kulle yake. Wasu sun ce gobe bayan la'asar mu kai masa kuɗin a yi addu'a a watse. Hankalina bai kwanta da hakan ba, shi ya sa na kawo maganar nan. A cikinmu akwai ma'aikatan asibiti, akwai ɗan banki, akwai malamai. Bismillah.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Shugaba, kuɗinsa ne fa. Da sunansa aka tara. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, ba yaro ba. A miƙa masa abinsa, ya fi mu sanin inda ke yi masa ƙaiƙayi.

Ma'aji: Alhaji, ba rashin yarda ba ne, lissafi ne. Da izininsa ƙaninsa ya kawo rasit na wata uku da suka wuce, an tattara. Jimla naira 243,000, wato 81,000 kowane wata: magani 38,000, gwaje-gwaje 15,000, gashin ƙashi 16,000, kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya, da dawowa 12,000. Ban sa kwanciyar da ya yi a asibiti ba, wadda ita kaɗai ta ci 170,000. In aka raba 612,000 da 81,000, wata bakwai da ɗan wani abu ne, in har bai sake kwanciya ba. Kuma kowa ya sani, ranar da aka ji an kai masa dubu ɗari shida, mai gidan haya zai zo gaisuwa, mai shinkafa zai zo, wanda ya ranta masa bara zai zo. Ba wanda zai iya cewa babu alhali ana ganin akwai. Wata biyu kuɗin sun tafi, ciwo yana nan, mu kuma mun riga mun ce mun yi namu.

Hajiya ta Samaru: Wannan shi ne. Mun saba da gudummawar haɗarin mota ko ta haihuwa, a haɗa sau ɗaya a biya a sallami mutum. Wannan ciwon zama ya zo yi.

Likita: Bari in fayyace abin da ake fama da shi, don kada mu tara kuɗi a kan abin da ba mu gane ba. Kan ƙashin cinya, wanda yake shiga cikin ƙugu kamar taɓarya a turmi, ƙananan jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi. Jinin mai sikila yana toshe su, sai ƙashin ya mutu a hankali daga ciki. A farko hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna komai, sai MRI, hoton na'ura mai nuna cikin ƙashi. In an gano da wuri, kafin kan ƙashin ya lotse, ana rage masa nauyi da sanduna, a yi gashi, wani lokaci a yi ƙaramin aiki na huda ƙashin don a rage matsi. In ya riga ya lotse, ba maganin sha ko allurar da za ta tayar da shi, sai a canza gaɓar da ta ƙarfe. To mu ba mu ne za mu yanke wannan ba. Abu na farko da za a kashe wa kuɗi shi ne ya ga likitan ƙashi da sabon hoto, a rubuta masa matakin da yake, kuma likitan jini da ke duba shi ya sa hannu a shirin. Kafin nan duk maganar tiyata hasashe ce.

Auta: Likita, wani ya ce gara a fita da shi Indiya ko Masar kawai.

Likita: Ana canza ƙugu a ƙasar nan. Asibitin Ƙashi na Dala yana Kano, ga kuma sashen ƙashi a Shika. Fita waje na nufin tikitin mutum biyu, biza, masauki na makonni, duk da dala. Sannan in wurin aikin ya kama ruwa bayan an dawo, likitan nan gida ne zai ɗauki aikin da bai ga farkonsa ba. Kuma ku sani gaɓar ƙarfe tana da shekarunta, galibi 15 zuwa 20, shi kuwa bai kai arba'in ba. Shi ya sa likitoci ba sa gaggawa in akwai sauran dama.

Ma'aji: To ga shawarata. A raba kuɗin gida uku. Na farko 243,000, kuɗin wata uku na yau da kullum. Na biyu 200,000, na gaggawa, ba a taɓa shi sai an kwantar da shi. Ragowar 169,000 ya zama tubalin farko na asusun tiyata. Sannan a buɗe alkawarin wata-wata. Mu 143 ne a nan. In mutum 40 suka ɗauki 2,000, mutum 10 suka ɗauki 5,000, an samu 130,000 a takarda. Na ce a takarda, don alkawari ba kuɗi ba ne. Mu ƙirga kashi biyu cikin uku kawai, kimanin 87,000, wanda da kyar ya rufe 81,000. Alkawarin kuma na wata shida ne, a sabunta. In aka ce "har sai ya warke" mutane tsorata suke yi, su ƙi ɗauka tun farko.

Ɗan Sabon Gari: Me zai hana a yi adashe a ba shi ɗaukar farko?

Ma'aji: Wanda ya yi ɗaukar farko shi ke da zubi mafi tsawo a wuyansa. Da me zai zuba? Bashi ne muka ɗora masa da wani suna.

Ɗan Banki: Kafin a raba komai, a gyara inda kuɗin suke. Mutum huɗu sun yi ƙorafin sun tura kuɗi ya dawo musu. Dalili shi ne lambar da aka fara bayarwa ta asusun waya ce na matakin farko, kuma irinsa ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Da ya cika sai ya daina karɓa. Wanda kuɗinsa ya dawo ba lallai ya sake turowa ba, an yi asararsa ke nan. Yanzu kuɗin suna warwatse a asusun mutum biyu, wannan ma kuskure ne, ko da su waliyyai ne. Mutuwa ba ta sallama, in ɗayansu ya faɗi kuɗin sun shiga cikin gado sai an yi shari'a. Abin yi: mutum biyu ko uku su je banki da BVN da NIN da hotunansu, su buɗe asusun haɗin gwiwa, a rubuta a fom cewa sai biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Kada a karɓi katin ATM a kansa, don kati yana rushe wannan sharaɗin. Asusu da sunan ƙungiya ya fi, amma sai an yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, zai ɗauki lokaci da kuɗi, a bar shi zuwa gaba. Sannan hoton alat ba shaida ba ne. Ma'aji ya riƙa ciro bayanan asusu daga banki ƙarshen kowane wata, da shi za a yi lissafi. Kuma kada wani ya tayar da jijiyar wuya in ya ga an rage naira 50 nan da can, harajin gwamnati ne a kan turin da ya kai 10,000.

Hajiya ta Samaru: A ƙara da wannan: lamba ɗaya tak, Shugaba ne kaɗai zai sanar da ita. 'Yan damfara suna kwafe saƙon neman taimako su canza lambar asusu su watsa.

Auta: Ni fa ina ganin da an ɗauki bidiyonsa an sa a Facebook da TikTok, cikin sati ɗaya kuɗin tiyata za su haɗu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam na Ƙofar Doka: Auta, cibin naka ne? Bidiyon da ya fita ba ya komawa. Yana da 'ya'ya mata da za su yi aure wata rana, kuma kun san yadda ake yi da gidan da aka ce akwai sikila. Wannan hukuncinsa ne shi da iyalinsa. In ya yarda, takardar asibiti mai hatimi ta wadatar, a rufe lambar fayil. Ba sai an nuna mutum yana murƙususu a tabarma ba. Har a cikinmu nan, ina ganin a daina jera sunaye da adadin da kowa ya bayar. Mai dubu ɗaya yana ganin na mai dubu hamsin sai ya ja da baya, mai dubu hamsin kuma ana buɗe masa ƙofar riya. A ba kowa lamba, Ma'aji ya riƙa fitar da lissafi da lambobi, kowa ya ga tasa.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya gafarta Malam, to zakka fa? Akwai 'yan kasuwa da ke son bayarwa.

Malam na Ƙofar Doka: Ya cancanta ta fuska biyu, yana cikin mabuƙata kuma yana cikin masu bashi, duka suna cikin takwas ɗin da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Sai dai zakka ba a cakuɗa ta da sadaka. Mallaka masa ita ake yi, ta zama tasa. In ya ga dama ya wakilta kwamiti su riƙe masa su biya asibiti, da bakinsa, gaban shaidu. In ya ce da ita zai biya haya ko ya sayi masara, ba mai hana shi. To ka ga Alhaji, maganarka ta farko ta samu gurbi: zakka a hannunsa, gudummawa a asusu. Kuma a tuna da manoman cikinmu masu gonaki wajen Giwa da Soba, zakkar hatsi da kaka ake fitarwa. Buhu biyu na masara a gidan nan ya ɗauke musu nauyin da zai sa a taɓa kuɗin magani.

Ɗan Sabon Gari: Na karɓa. Amma duk da haka a riƙa ba shi wani abu a hannu duk wata wanda ba za a tambaye shi rasit ba. Mutum ya nemi izinin kwamiti kafin ya sayi sabulu, wannan ba taimako ba ne.

Shugaba: An rubuta. 10,000 a wata, ba tambaya.

Mai Kemis: Ni kan 38,000 ɗin magani zan yi magana, don na ga rasit ɗin. Kusan rabi ya tafi a allurar fenta da ake zuwa yi masa a gida da dare. Jama'a, fentazosin, wato fenta, tana kwantar da ciwo na 'yan awoyi, amma jiki yana sabawa da ita da sauri. Inda ake yawan soka ta naman yana taurara kamar itace, ya yi gyambon da ba ya jin magani. Kada kuɗin asusun nan su sayi ko kwalba ɗaya sai da takardar likitansa. Ba kuma cewa na yi a yanke masa ita yau ba, wanda ya saba in aka tsayar masa farat ɗaya zai sha wuya. A gaya wa likita gaskiyar adadin da yake karɓa, shi zai tsara yadda za a sauke shi. Na biyu, na ga daikulofenak da ibufurofen a rasit ɗaya. Dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki da lalata ƙoda yake ƙarawa, ƙodar mai sikila kuwa dama a wahale take. Farasitamol mai 500, biyu-biyu duk awa shida, kada ya wuce takwas a yini da kwana, kuma a duba maganin mura don yawancinsu akwai shi a ciki. Na uku, ƙullin "haɗi" na masu talla a tasha. Sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, mutum ya ji garau kwana biyu, alhali shi kansa sitiroyid yana cikin abubuwan da ke kashe kan ƙashin.

Sista: Allah ya biya ka. Amma don Allah kada wannan ya sa a fara kallonsa a matsayin ɗan ƙwaya. Ciwon gaske yake ji, irin wanda ke hana barci. In farasitamol ya gaza akwai mofin na sha da likita ke rubutawa da awo, yana sa taurin bayan gida don haka ana haɗa shi da mai sassautawa. Abin da bai kamata ya yanke ba ko kwana ɗaya: folik asid, maganin rigakafin maleriya irin su Paludrine in shi aka ɗora shi a kai, da haidroksiyuriya. Wannan na ƙarshen ba maganin ciwo ba ne kuma ba ya gyara ƙashin da ya mutu, rage yawan tashin sikilar yake yi, kuma sai ya yi wata uku zuwa shida kafin a ga amfaninsa. Rasit ya nuna an saya wata ɗaya, an tsallake wata ɗaya. Haka zubar da kuɗi ne. A saya na wata uku lokaci guda, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuɗin gwajin jini ma kada a yi masa ƙwauro, don maganin yana iya rage ƙwayoyin jini, da gwajin ake daidaita awonsa.

Hajiya ta Samaru: Sista, kuɗin gaggawar fa, wa zai ce lokaci ya yi? Ƙarfe biyun dare ba a tara masu sa hannu.

Sista: A rubuta wa matarsa a takarda a manna a bango. Zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, idanu su ƙara rawaya ko tafin hannu ya yi fari fat, wani ɓangaren jiki ya saki ko baki ya karkace, ciwon da maganin gida ya kasa, da kuma matsalar nan ta maza da gaba ke miƙewa da zafi ya ƙi kwanciya. Ko ɗaya aka gani, asibiti kai tsaye, ba jiran gari ya waye.

Ɗan Banki: A ware 50,000 daga na gaggawa a ajiye wajen mutum ɗaya da ke kusa da gidan kuma wayarsa ba ta mutuwa. Ya kashe, ya kawo rasit, a cike masa.

Likita: Jini kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A samu mutum takwas zuwa goma yanzu, a san rukunin jininsu, kuma su zama AA, wato marasa ƙwayar sikila. 'Yan'uwansa na jini da yawa za a tarar AS ne, masu ɗauke da ƙwayar, ba su ne zaɓin farko ba. Mai bayarwa ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, namiji ya huta wata uku tsakanin bayarwa. Kada duka su je rana ɗaya, jini a ma'ajiya sati biyar yake yi. Ko da mun kawo masu bayarwa akwai kuɗin tantancewa da gwajin dacewa, a sa shi a lissafi. In an zo maganar tiyata, a karɓo kiyasi a rubuce, dalla-dalla: ƙarfen, ɗakin tiyata, maganin barci, jinin da za a ƙara masa kafin aiki, gado, magunguna, gashin bayan aiki. Yawanci kuɗin ƙarfen kawai ake ji a ɗauka shi ke nan. Kuma farashinsa dala yake bi, kiyasin wata shida baya ba ya aiki yau. A ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda abin da ba a zata ba.

Hajiya ta Samaru: Ba wanda ya ambaci inshora. Akwai KADCHMA ta jihar Kaduna, akwai kuma shirin GIFSHIP a ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS. Mai zaman kansa yana iya shiga. A tafi da NIN, a karɓo jerin abin da suke ɗauka a rubuce, a tambayi tsawon jira kafin kati ya fara aiki da yadda ake tura mutum babban asibiti. Kada a sa rai za ta sayi ƙarfen ƙugu, amma in ta ɗauke ganin likita da wasu gwaje-gwaje da maganin maleriyar yara, an rage. Sannan asibitin koyarwa yana da sashen jin daɗin marasa lafiya, ana rubuta musu takardar neman sassauci ta hannun likitan da ke duba mutum. Ba kullum ake dacewa ba, amma takarda ce kawai.

Mai Gashin Ƙashi: Akwai ƙananan abubuwa da 20,000 za ta yi, su fi allura amfani. Sandunan da yake amfani da su aro ne, sun yi masa tsawo, yana rataya a hammata. A bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin hammata da kan sandar, nauyi a tafin hannu yake, in ba haka ba hannu zai fara mutuwa. A canza robar ƙasansu, ta cinye, siminti mai ruwa zai kayar da shi. In ya koma sanda ɗaya, a hannun hagu zai riƙe tunda ƙafar dama ce. Tsuguno a masai shi ne azabarsa ta kullum, a sayi kujerar bayan gida ko kafinta ya huda kujerar katako. Katifa ta tashi daga ƙasa. Salla a kan kujera, Malam yana nan zai tabbatar. Gashi da tawul mai ɗumi, ban da ƙanƙara, sanyi yana tayar da sikila. Kun san hunturun Zariya, a tanadi bargo da safa da ruwan ɗumi na alwala, amma ban da kaskon rushi a ɗaki a rufe. Ruwan sha kamar lita uku a yini, sai in likita ya ce a rage. Zuwa gashi kuma ba sai sau biyu a sati har abada ba, a koya wa ƙaninsa motsa jikin, a riƙa zuwa dubawa lokaci-lokaci, kuɗin mota ya ragu.

Malam na Ƙofar Doka: Salla a zaune ta inganta ga wanda tsayuwa ke cutar da shi, ba saɓani.

Ɗan Sabon Gari: To sana'arsa? Keken ɗinkinsa na ƙafa ne. A sa wa keken motar lantarki a jiki, da ƙafar hagu zai riƙa taɓawa kawai. Ranar da ba wuta ya yi aikin hannu, ai ya iya aikin wuyan riga. Masu ɗinkin salla a cikinmu su kai masa, a biya shi kuɗin aikinsa cif, ban da "a yi mana ragi".

Mai Gashin Ƙashi: Da sharaɗin kujera mai tsayi, kuma ya riƙa tashi duk rabin awa.

Shugaba: Madalla. Ma'aji da Hajiya da Ɗan Banki, ku haɗu a unguwar PZ ranar Litinin ku buɗe asusun. Sista ta rubuta takardar bango. Masu ba da jini su tura wa Likita suna ta gefe, ba a nan ba. Malam, ni da kai za mu je wajensa bayan isha'i yau mu karanta masa duk wannan, abin da bai yarda da shi ba a cire. Saura mota. Talata yana da ganin likita a Shika, kuma a daidaita sahu girgiza take yi masa yawa.

Auta: Zan ɗauke shi. Ƙarfe nawa?

Sista: Ku bar Tudun Wada shida da rabi, layin kati yana cika da wuri. A tafi da tsofaffin hotunan ƙashin duka, da kwalayen magungunan da yake sha, har da na allurar.

Auta: Kujerar gaba ko baya?

Mai Gashin Ƙashi: Gaba. Ka ja ta baya har ƙarshe, ka sa filo, ya fara zama tukuna sannan a shigar da ƙafafun.